Azumin Alawus

Shekara bakwai ke nan da rasuwar babana, Malam Bukar malamin gona, kuma har yau ban ji wanda ya faɗi daidai abin da ya kai shi kabari ba. Abokan aikinsa cewa suke rowa ce. In hira ta biyo ta kansa sai su yi ɗan murmushi, su ce Allah ya jiƙan Bukar, mutumin kirki, amma fa ya matse wa cikinsa. Manyan ofis cewa suke tattali ne, wai ma'aikaci ne abin koyi. Mutanen unguwarmu a nan Haɗeja kuwa cewa suke ibada ce ta yi masa yawa, bawan Allah mai azumi ba dare ba rana. Duk sun kuskure. Shekara bakwai ina gyaɗa musu kai saboda ni yarinya ce, su manya ne. To na gaji.

Da ba zan rubuta wannan ba, da addu'a kawai zan yi masa kamar kowace shekara. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, mako biyu da suka wuce an ɗauke ni aikin wucin-gadi a ofishin da ya yi wa aiki. Ranar Litinin za mu fita ƙauyuka, fitata ta farko, kuma an ɗora mini wani ɗan aiki da in na yi shi yadda ake so, na tofa wa kabarin Baba yawu. In na ƙi kuma, wataƙila aikin ya tafi, ga mahaifiyata da ƙannena uku sun riga sun sa rai.

Bari in yi wa wanda bai san harkar ba bayani. Duk shekarar da kogi ya yi ambaliya ya cinye fadama, ofishin kan tura tawaga ƙauye-ƙauye, a duba gonakin da ruwa ya ci, a rubuta sunayen masu su, ko Allah zai sa a samu tallafin iri da taki. Kowace rana da ma'aikaci ya yi a waje, ana ba shi kuɗin abinci. Alawus ke nan. Sai dai babu mai sayen abinci da shi, ko ɗaya. Ƙauye ne ke dafawa. Ma'aikaci ya zauna a tabarma ya ci tuwon mutane da namansu, ya wanke hannu, ya koma gida da alawus ɗinsa ko ninki bai warware ba. Ba a kiran wannan sata. Dabara ake kiransa. Wanda ya ciro kuɗinsa ya sayi ƙosai a tasha ma dariya ake yi masa, a ce sabon shiga ne.

Baba bai taɓa cin abincin nan ba. Amma kun san mu, ba a ajiye wa mutum kwano ya ture. In ka ƙi cin abincin mai gida, ko dai ka raina shi, ko kana zarginsa da sa maka wani abu. Baba ba ya son ya ci, ba ya son ya ɓata wa kowa, kuma ba ya iya ƙarya. Sai ya samo wa kansa hanya: duk ranar da za a fita, da asuba zai sha ruwa da ɗan kunu, ya ɗaura niyyar azumi. In an kawo kwano ya ce yana azumi, kuma da gaske azumin yake.

Sau ɗaya na gani da idona. Ina da shekara goma sha huɗu, muna hutun makaranta, za a kai ni wurin goggona da ke aure a wani ƙauye ta wajen Miga. Da yake hanya ɗaya ce, Baba ya roƙi shugaban tawagar a rage mini hanya a motar ofis. Shugaban nan ba zan faɗi sunansa ba, Alhaji kawai zan ce, ya san kansa. Mota ta kai mu inda hanya ta nutse, muka shiga kwale-kwale, mai tuƙi na ta ture ciyawar kacala da gora. Ta ko'ina ruwa ne, sai kawunan dawa da ke leƙowa nan da can.

Mutanen garin da muka fara sauka duk sun tattare a kan tudu, cikin azuzuwan firamare. Awaki ɗaure a jikin tagogi, tabarmi da katifu an shanya su a kan katanga suna wari. Wanda ya tarbe mu wani dattijo ne, Malam Haruna, wanda aka ce shinkafarsa saura mako biyu a yanka ruwa ya hau ta. Aka zauna gindin bishiya ana rubuta sunaye har azahar. Bayan salla sai ga kwanuka: tuwon shinkafa fari tas, miyar kuka, da zabi biyu. Ni aka shigar da ni aji wurin mata, aka ajiye mini nawa da cinya guda a kai. Matar Malam Haruna ta ce, "Ci mana, 'yar ma'aikata, kar ki ji kunya." Na ci. Sai da na kusa cinyewa na lura ni kaɗai ke ci a ɗakin.

Tagar ajin ba ta da murfi, don haka duk abin da ake faɗa a waje ina ji.

"Bismilla, ranku ya daɗe," in ji Malam Haruna. "A yi haƙuri da ɗan abin da ruwa ya bar mana."

Baba ya ce, "Madalla, an gode. Ni ina azumi."

Alhaji ya riga ya naɗe hannun riga. Ya ce, "Azumi kuma? Bukar, yau fa Laraba ce. Ba Litinin ba, ba Alhamis ba, wata ma bai yi tsakiya ba. Rabu da shi, Malam Haruna, azumin alawus yake. Shi ladansa ba sai an je lahira ba, ga shi nan a aljihun gaba."

Aka kwashe da dariya, direba har da ƙwarewa. Malam Haruna bai yi dariya ba. Ya taso ya zo ya tsuguna a gaban Baba, mutumin da ya isa ya haife shi, ya rage murya.

"Malam, bara ma da ka zo azumin kake. Ko abincin namu ne ba ya shigar maka? In wani laifi muka yi a faɗa mana mu gyara. Ni dai kar sunana ya faɗi daga takardar nan."

"Babu laifin komai," in ji Baba. "Sunanka na nan."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Dattijon ya miƙe, fuskarsa ta nuna bai yarda ba. Da za mu tafi ya biyo mu har bakin ruwa da ƙunshin bandar kifi, wai Malam ya yi buɗa-baki. Baba ya ce a bar wa iyali. Alhaji ya miƙa hannu ya karɓa, ya ce ba a mayar da alheri.

Da muka isa gidan Goggo, kafin Baba ya juya, na tare shi a zaure. Ni tun ina ƙarama ba na iya riƙe tambaya. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka ci ba? Ka ga ran tsohon nan ya ɓaci."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Ya ce, "Uwata, garin da ruwa ya cinye gonakinsa kafin girbi, wace shinkafa ce ta rage a cikinsa?"

Na ce ban sani ba.

"Iri ne. Wanda suka ɓoye a tulu don noman rani. Shi suka surfa suka tuƙa mana. Shi a zatonsa wani abu yake saya da tuwon nan. Babu abin da yake saya. Mu rubutu kawai muke, masu rabon suna can, ba su taɓa ganin garin ba."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa masa haka ba?"

"In faɗa masa a gaban baƙinsa? In kunyata shi, in kunyata ogana a gaban mutane? Ba a yin haka."

"To ni me ya sa ka bari na ci?"

Ya ce, "Ai yunwa kike ji." Ya shafa kaina ya tafi.

Wannan ita ce gaskiyar azumin Baba. Ba rowa ba ce, ba tattalin kuɗin ofis ba ne, kuma ko da yake na san yana fatan lada, ba don lada ya fara ba. Mutum ne da ya san abin da ke cikin kwano, hannunsa ya kasa shiga.

Yanzu ga inda raina ke ɓaci, kuma da shi kansa nake, Allah ya gafarta mini. Azumin nan wa ya amfana? An yanka zabin tun kafin mu shiga kwale-kwale. An surfa irin tun da hantsi. Rabon Baba bai koma tulu ba, Alhaji da direba ne suka ƙara da shi. Malam Haruna ya kwana da fargabar cewa malamin gona na ƙullace da shi, wataƙila ma a zuwa na gaba zabi uku ya yanka don ya shawo kansa. Abu biyu kawai azumin ya yi: ya bar hannun Baba da tsabta, ya huda masa ciki.

Likita ya gaya masa gyambon ciki ne da shi, ya daina zama da yunwa. Inna, mahaifiyata, ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta kai ƙara wurin yayansa. A lokacin ambaliya sai su jera kwana goma suna fita, yana ratsa ruwa har ƙugu cikin rana, bakinsa a bushe. Ya dawo gida ya zauna a bakin rijiya yana danne ciki da hannu, ya ce a jiƙa masa kanwa. Inna ta ce, "Malam, in ba za ka ci nasu ba, ka ci naka mana, ga dambu na ƙulla maka." Ya ce in ya buɗe nasa a gabansu, ai ya fi zagi muni. Haka aka yi ta yi har ranar da ya yi aman jini a tsakar gida. Kwana uku ya yi a asibiti.

Kuma kar wani ya ce na mayar da ubana waliyyi. Alawus ɗin da bai ci ba, ba ofis ya mayar wa ba, ba ƙauye ya kai ba. Gida ya kawo wa Inna, kamar yadda kowa ke kai wa matarsa. Da shi aka saya mini takalmin makaranta. Don haka masu dariyar nan suna da ɗan abin kamawa, kuma ni ma da ƙafata na taka a ciki. Ban ɓoye ba.

Ranar ta'aziyya 'yan ofis sun cika ƙofar gida, sun yi mana kara, ba zan ci amanarsu ba. Amma daga ƙauyukan fadama, daga nan har Birniwa, ban ga mutum ɗaya ba. Ban zarge su ba. A wurinsu shi ne ma'aikacin nan mai ƙyamar abincin talaka. Alhaji kuwa, da ya ci ya suɗe hannu, har gobe ana aiko masa da kifi da goron salla, ana cewa mutum ne mai son jama'a.

Wani lokaci nakan ce, da Baba zai leƙo ya ga yadda abin ya koma, me zai ce? Yanzu alawus ba a ambulan yake zuwa ba, waya ce ke ƙarar shigowar kuɗi tun kafin a tashi, kafin a hau mota ma an gama kashe shi a zuci. Jamila, wadda aka ɗauke mu tare, ta riga ta zaɓi atamfar da za ta saya da na makon farko. Ban ga laifinta ba, albashin bai taka kara ya karya ba, kuma kowa ya san kasuwa. Matasan ofis kuma yanzu har hoton kwanukan suke ɗauka su sa a waya, su rubuta a ƙasa wai karamcin mutanen karkara. Mutanen nan dai, in aka kira taro a otal a Dutse inda ofis ne ke biyan abinci kai tsaye, ka ga mutum ya ci, ya ƙara, ya sa an ƙulla masa biyu a leda. In kuɗin na hannunsa, ruwan leda ma sai ya yi shawara kafin ya saya. Duk tattalin da ake yabo, a aljihun mutum yake farawa, a nan yake ƙarewa. Abin da manomi ya kashe a kanmu kuwa babu ma mai ganinsa a matsayin kashewa.

Na san abin da Baba zai ce: ba zai ce komai ba. Zai sha kununsa da asuba ya ɗaura niyya. Wannan shirun nasa ne na kasa yafewa.

Shekaranjiya Alhaji ya kira ni ofishinsa. Har yanzu shi ne shugaba. Kuma in faɗi gaskiya, shi ya sa sunana a aikin nan, da takardar sakandare kawai, saboda zumuncinsa da Baba. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Ba mugu ba ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya miƙo mini takarda.

"'Yar Bukar, ga lambobin dagatan. Ke ce ƙarama, ke za ki kira. Ki faɗa musu ranar da za mu zo, da adadinmu. Mu bakwai ne har direba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, adadin na mene ne? Kujeru za su tanada?"

Ya cire tabarau ya dube ni, ya yi dariya. "Kai, jinin Bukar! Ke dai faɗa musu bakwai, sun san karatun. Kuma ki ji da kyau, kar ki ɗauko mana azumi. Wata uku aka ba ku, wanda ya iya zama da mutane shi ake sabunta wa."

Ashe haka ake yi. Duk shekarun nan na ɗauka mutanen ƙauye ne ke dafawa don ra'ayin kansu. Ashe akwai mai buga waya ya faɗi yawan bakunan da za a ciyar. Bana ni ce.

Na dawo gida na tarar da Inna tana ɗura zoɓon sayarwa a robobi. Na gaya mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Hauwa, ki rufa mini asiri. Ubanki ya tsare haƙƙin mutanen fadama, ya bar ni da ku huɗu da robobin nan. Wa ya ƙaru? Ki buga, ki ce bakwai, ki ci abin da aka ba ki, ki dawo mini da ranki da aikinki."

Na ce, "Inna, iri fa suke dafawa."

Ta ce, "Na sani. Kin ɗauka ke kaɗai ya gaya wa?" Sai ta ɗaure bakin roba da ƙarfi har zoɓon ya fantsamo mata a zane.

Tana da gaskiya, kuma ita ta biya kuɗin azumin nan fiye da kowa.

Na kwana biyu ina auna abin da Baba ya bar mini. Bai bar gida na biyu ba, bai bar gona ba, sunan da ya bari ma kowa ya karkatar da shi yadda ya ga dama. Abin da ya rage nasa a jikina shi ne idon nan: ba zan ƙara kallon kwanon da aka ajiye wa ma'aikaci in ga tuwo kawai ba. Wannan na karɓa, na gode. Amma kunyar da ta hana shi magana, da azabtar da ciki don kar ran wani ya ɓaci, wannan gadon na bar shi. Ya kashe mutum ɗaya a gidanmu, ya isa.

Ga abin da zan yi. Gobe da safe zan kira dagatan ɗaya bayan ɗaya. Zan gaishe su yadda ya kamata, in faɗi rana da lokaci. Adadi kuwa ba zan faɗa ba. Zan ce musu, ranku ya daɗe, kar a ɗora mana tukunya, kar a yanka komai. Abinci ba ya sa sunan kowa a takarda, rashinsa ba ya cire sunan kowa, ni ce mai rubutun. An ba kowannenmu kuɗin cin abinci. In akwai mai sayar da alale ko ɗanwake ko fura a garin, a ce ta fito da kayanta gindin bishiya, masu saye na tafe.

Na san wasu ba za su yarda ba. Za su ce yarinya ce, ko su ɗauka gwada su ake, su dafa duk da haka. In an yi haka ba zan ture kwano ba, ba kuma zan ce ina azumi ba. Zan ci. Sannan in yi abin da Baba bai samu damar yi ba saboda shi namiji ne: in ɗauki kwanon da kaina in shiga wurin mata, in nemi wadda ta tuƙa, in danƙa mata alawus ɗina na ranar a matsayin tukuici. Babu macen da tukuici ya taɓa kunyatawa. Ko sisin kuɗin nan ba zai biyo ni Haɗeja ba. Atamfa ta jira, Inna ta yi haƙuri da albashin kawai, in ma an bar ni na kai ƙarshen wata.

Alhaji, na san kana karanta jaridar nan kowane mako, a kan teburinka nake ganinta. Ban rubuta don in tozarta ka ba, kuma alherin da ka yi mini yana nan ban manta ba. In ka ga dama ka cire sunana, ikonka ne. In kuma ka bar ni na hau motar ranar Litinin, to, ranka ya daɗe, ka taho da canji a aljihu.